Ladan Ɗan'uwa a Birnin Manzo: Tsakanin Zumunci, Ijara da Littafin Haraji

Idan aka sallame sallar Isha'i a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, jama'a suka ɓarke ta ƙofofi suka nufi masaukansu, a sa'an nan ne kasuwar da ke kewaye da Harami takan cika ta batse, mai neman dabinon ajwa yana taya, mai neman dadduma da carbi da turaren tsaraba yana zaɓe, har dare ya raba.

Amma wanda ya leƙa bayan kanta, ya wuce wurin da aka jera kwalaye, sau da yawa zai iske wani mutum guda wanda ba ya awo kuma ba ya kiran mai saye, yana zaune gaban kwamfuta yana fitar da rasit, yana duba ranar da lasisin shago zai ƙare, yana sabunta iƙamar ma'aikata, wato takardar izinin zamansu a ƙasar, yana haɗa lissafin da za a miƙa wa hukuma. Galibi jinin mai shagon ne: ko ɗansa, ko ƙanensa, ko ɗan 'yar'uwarsa, ko kuwa 'yarsa ce take yin aikin daga gida ta wayar hannu.

In ka tambayi irin wannan matashi nawa ake biyansa, sai ya sunkuyar da kai ya ce ai shi da Kawu ba sa haka. In ka tambayi Kawun, sai ya ce yaron ai ɗansa ne, cinsa da shansa da suturarsa duk a wuyansa suke, kuma ba a taɓa yin salla bai yi masa alheri ba. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa, amma babu wanda ya amsa tambayar, alhali kuwa ita ce tambayar da hukumomin Saudiyya suke yi a yau da babbar murya, kuma ita ce wadda malaman fiƙihu suka riga su yi da ƙarnoni masu yawa.

Yadda aikin takarda ya komo cikin gida

Hausawa ba baƙi ba ne a Madina. Tun zamanin da ake tafiya Hajji da ƙafa, ana ratsa Barno da Wadai da Darfur a shekara da shekaru, akwai waɗanda suka sauke farali suka zaɓi maƙwabtakar Manzo a kan komawa gida. Sa'an nan yawansu ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da jama'a masu yawa suka yi hijira zuwa gabas don gudun mulkin Nasara. A cikin waɗanda suka iso har da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna a Madina yana karantarwa, ya zama madogarar mutanen Afirka ta Yamma har rasuwarsa a 1931.

Zuriyar waɗannan mutane a yau kashi-kashi ne. Akwai 'yan ƙasa cikakku, masu ɗauke da laƙabin Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Akwai waɗanda aka haifa a can amma har yanzu da iƙama suke zaune. Ban da su akwai kuma sababbin zuwa, 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961. Wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan rarrabewa, domin gida ɗaya yakan tara kashi biyu ko uku, kuma hukuncin da ya hau kan wannan bai hau kan wancan ba, ko da kuwa a kwano ɗaya suke cin abinci.

A da, aikin bin ofisoshi sana'a ce ta wani mutum da ake kira mu'aƙƙib, wanda yakan ɗauki fayil ya yi sammako ya kama layi a ofishin fasfo ko na ƙwadago ko na baladiyya, a biya shi ladansa a kan kowace takarda, kowa ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa. Da gwamnati ta mayar da yawancin waɗannan hidimomi kan intanet, aka sami dandamali irin su Absher da Muqeem da Qiwa da Mudad, sai layin ya ragu, amma aikin bai ragu ba. Ya tashi daga hannun bare mai lada ya faɗa hannun ɗan gida mai ilimin zamani, wanda ake jin nauyin yi masa maganar lada, shi ma yake jin kunyar tambaya.

Kuma aikin sai ƙaruwa yake yi. An shigo da harajin saye da sayarwa, wato VAT, a farkon 2018 a kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa kashi 15 a watan Yulin 2020. Daga Disamban 2021 aka wajabta fitar da rasit ta na'ura, tsarin da ake kira Fatoora, daga 2023 kuma aka fara haɗa na'urorin 'yan kasuwa kai tsaye da na hukuma, rukuni bayan rukuni. Duk mai cinikin da ya wuce riyal 375,000 a shekara dole ne ya yi rajistar wannan haraji, kuma shagon dabino a kusa da Harami ba ya wahalar wuce wannan adadi. Abin da a da ake kira ɗan taimako bayan Magariba ya zama aiki na sosai, mai cin sa'o'i, mai ɗauke da alhaki, wanda kuskure ɗaya a cikinsa kan jawo tara.

Ƙasar da ba ta karɓar haraji a kan albashi

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne wata gaskiya da kowa ya sani, wato Saudiyya ba ta karɓar haraji a kan albashin ma'aikaci, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Daga nan sai mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa tun da wanda aka biya ba a bin sa komai, to babu ruwan hukuma da abin da ya bai wa ƙanensa. Wannan ƙiyasi ne da ya ɓaci tun daga tushe, domin idon hukuma ba a kan aljihun mai karɓa yake ba, a kan littafin mai bayarwa yake, inda kowane riyal da aka rubuta da sunan albashi yake rage ribar da za a yi lissafi a kanta.

Tun farkon shekarun 1950 ƙasar ta raba 'yan kasuwa gida biyu, kuma har yau a kan haka ake. Ɗan ƙasa, da ɗan sauran ƙasashen Majalisar Haɗin Kan Yankin Gulf, zakka ake karɓa daga dukiyar kasuwancinsa, kashi biyu da rabi cikin 100. Baƙo kuwa harajin riba yake biya, kashi 20 cikin 100 na rabonsa. In kamfani na tarayya ne tsakanin ɗan ƙasa da baƙo, sai a raba lissafin gwargwadon hannun jarin kowa. Hukuma ɗaya ce ke karɓar duka biyun, wato Hukumar Zakka da Haraji da Kwastan, wadda aka fi sani da ZATCA, wadda aka samar a 2021 bayan haɗe hukumar zakka da haraji da ta kwastan.

To, a nan ne mas'alar take. Dokar harajin riba ta 2004, tare da ƙa'idojin zartar da ita, ta lissafa abubuwan da ba a yarda a cire su daga riba kafin a yi haraji ba, kuma a cikinsu akwai albashi da lada da makamantansu da aka biya mai kamfani, ko abokin tarayya, ko iyalinsu na kusa, wato iyaye da mata ko miji da 'ya'ya da 'yan'uwa na jini, in ban da masu hannun jari a manyan kamfanonin hannun jari. Dalilin hukuncin a fili yake: in da an bar ƙofar a buɗe, da kowane mai riba ya rarraba ta ga matarsa da 'ya'yansa da sunan albashi, ya zo wa hukuma da littafi wayam.

A ɗauki misalin baƙon da ya sami lasisin zuba jari ya buɗe kamfani nasa shi kaɗai, ya ɗauki ƙanensa ta hanyar da doka ta yarda, yana biyansa riyal 5,000 a wata a kan kula da takardu. A shekara ya biya 60,000, ya rubuta su cikin abin da ya kashe. Ranar da mai bincike ya zo ya gano dangantakar, sai ya mayar da kuɗin cikin riba, haraji ya ƙaru da riyal 12,000, a kuma ɗora tarar jinkiri ta kashi 1 cikin 100 a kan kowane kwana 30. Kuma hukuma tana da ikon komawa baya shekara 5 ta sake lissafi, har zuwa 10 in ba a miƙa bayani ba ko an tabbatar da nufin zamba. Mutumin bai yi ƙarya ba, ƙanen ya yi aikin, an kuma biya shi. Abin da ya ɓace masa kawai shi ne bai san cewa halaccin biya daban yake da halaccin cirewa daga riba ba.

Ga mai biyan zakka al'amarin ya fi sauƙi, saboda ƙa'idojin zakka sun fi sassauci a kan albashin mai dukiya da iyalinsa, kuma ko an ƙi karɓar waɗancan 60,000 abin da zai ƙaru bai wuce kimanin riyal 1,500 ba. Amma shi ma akwai ma'aunin da ake auna shi da shi, wato takardar shaidar hukumar inshorar ma'aikata, wadda mutanen can suke kira ta'aminat: mai bincike yakan ɗora albashin da ke cikin littafi a kan wanda aka yi wa rajista a can, abin da ya yi rara ba tare da hujja ba ya yi watsi da shi. Ƙananan 'yan kasuwa kuma, waɗanda ba su riƙe cikakkun littattafai ba, ƙiyasi ake yi musu bisa cinikin da suka bayyana, don haka albashin ɗan'uwa ba ya ƙara musu zakka kuma ba ya ragewa. Tasu matsalar a wani wuri take.

Wanda doka ta kira iyali

A bakin Bahaushe, iyali kalma ce mai faɗi, takan ɗauki ɗan wa da ɗan ƙane da agola da ɗan riƙo, har da almajirin da ya daɗe a gida. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta 2005 ba ta da wannan yalwa. Waɗanda ta keɓe daga hukunce-hukuncenta su ne matar mai aiki ko mijinta, da iyaye zuwa sama, da 'ya'ya zuwa ƙasa, kuma da sharaɗin cewa babu wani ma'aikaci a wurin sai su. Ƙane ba ya ciki, ɗan 'yar'uwa ba ya ciki. Kuma ko ɗan cikinka ne, muddin akwai bare guda ɗaya da ke aiki a shagon, keɓewar ta faɗi, ya zama ma'aikaci kamar kowa.

Zama ma'aikaci kuwa yana jan abubuwa a bayansa. Akwai yarjejeniya rubutacciya da ake tabbatarwa a Qiwa. Akwai biyan albashi ta banki ƙarƙashin tsarin kare albashi, wanda aka fara a 2013 da manyan kamfanoni har ya gangaro kan masu ma'aikaci ɗaya a ƙarshen 2020. Akwai kuma kuɗin ta'aminat, wanda ga ɗan ƙasa ya ɗan haura kashi ɗaya cikin biyar na albashi in an haɗa na mai aiki da na ma'aikaci, ga baƙo kuwa kashi 2 cikin 100 ne kawai, na haɗarin aiki. A albashin riyal 4,000, bisa lissafin 2024, mai shago zai ƙara kusan 470 daga aljihunsa, a kuma yanke kusan 390 daga na yaron.

Wannan kuɗi ne da yawa daga cikin dattawa suke gani asara, suna cewa gara su miƙa wa yaro a hannu ya amfana. Ni kuwa ina ganin nan ne zaluncin ya ɓuya, ko da ba a yi nufinsa ba. Saurayin da ya shekara 15 yana riƙe da littafin kawunsa ba tare da rajista ba, ranar da suka saɓa, ko kawun ya rasu, ko aka rufe shagon, zai fita ba shi da shekarun fansho ko ɗaya, ba shi da takardar shaidar ƙwarewa da zai nuna wa wani kamfani, ba shi da kuɗin sallama da doka ta tanadar wa kowane ma'aikaci, wato rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko da cikakken wata a kan kowace shekara bayansu. Baren da ke ɗaukar kwali a shagon nan yana da wannan duka, kuma yana iya zuwa kotun ƙwadago, irin waɗanda aka buɗe a 2018, ya nemi haƙƙinsa. Ɗan gida kuwa kunya ta ɗaure masa baki, rashin takarda ya ɗaure masa hannu.

Abin ya fi tsanani a kan 'ya'ya mata. Su ne a gidaje da yawa suka fi zurfin karatu, su ne ke shigar da bayanan haraji da amsa saƙonnin masu saye, amma da yake daga ɗaki suke aikin, ba a ma lissafa shi aiki, sai a ce tana taya babanta ne kafin ta yi aure.

Albashi babu aiki, aiki babu izini

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ta fi ta haɗari. Tun 2011 tsarin Nitaqat yake auna kowane kamfani da yawan 'yan ƙasar da ya ɗauka, kuma wanda ya gaza ana ƙuntata masa wajen ɗauko ma'aikata daga waje da sabunta musu izini. Daga 2021 kuma sai albashin ɗan ƙasa ya kai riyal 4,000 ake ƙidaya shi mutum guda cikakke. Sai wasu suka ga hanya mai sauƙi: a rubuta sunan inna ko ƙanwa ko ɗan da ke makaranta a matsayin magatakarda, a tura albashi ta banki, a dawo da mafi yawansa ta bayan gida. Hukuma tana kiran wannan ɗaukar aiki na ƙarya, tana kuma hukunta shi da tara da soke rajistar.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda aka rubuta sunansa ya karɓi kuɗi bai yi aiki ba, ya sa hannu cikin shaidar zur, kuma yakan cuci kansa ba da saninsa ba, domin a idon na'ura shi mai aiki ne, sai tallafin da ake bai wa masu neman aiki ko masu ƙaramin ƙarfi ya wuce shi ko ya ragu.

Ga masu iƙama kuwa, tarkon ta wata fuska yake. Iƙama tana ɗaure da dalilin da aka bayar da ita: ma'aikaci ba ya yi wa wanin mai ɗaukar nauyinsa aiki, ɗalibi karatu ya kawo shi, matar aure da 'ya'ya da ke zaune a ƙarƙashin iƙamar maigida ba su da izinin aiki sai an bi hanyar da aka shata. Kuma tun Yulin 2017 maigida baƙo yana biyan kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, daga riyal 100 a wata har ya kai 400 a 2020, nauyin da ya sa iyaye da yawa suke ganin ya kamata babban ɗa ya kama wani abu. Ɗora shi a kan kwamfutar shago yana karɓar lada, ko da shagon na kawunsa ne ɗan ƙasa, saɓa wa dokar zama ce, wadda kan kai ga tara ko kora, ta kuma shafi wanda ya sa shi aikin.

Mafi muni shi ne inda abin ya zarce zuwa tasattur, wato ɗan ƙasa ya ba da sunansa da lasisinsa, baƙo yana juya kasuwancin don kansa. A gidajen da wani ɗan ƙasa ne wani kuma mai iƙama, iyakar da ke tsakanin taimako da tasattur siririya ce ƙwarai: in ɗan'uwa baƙo shi ke riƙe da asusun banki, shi ke sa hannu, kuɗin shago suna shiga asusunsa na kansa, to alamomin da masu bincike ke nema sun taru. Sabuwar dokar da aka fitar a 2020 ta kai hukuncin har ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, kuma wa'adin da aka bayar na gyara ya ƙare tun Fabrairun 2022.

In ɗan'uwan yana Kano

Masu hidimar alhazai da 'yan Umara, da masu aika dabino da jallabiya gida, kusan kowannensu yana da wani nasa a Fagge ko Kantin Kwari ko Maraɗi wanda ke karɓar fasfo, yana bin bashi, yana riƙe lissafi, ana aika masa wani abu duk wata. In daga aljihun mutum kuɗin suka fita da sunan kyauta, wannan sada zumunci ne, babu haraji a kansa. In kuwa daga asusun kasuwanci suka fita a matsayin ladan hidima ga wanda ba mazaunin Saudiyya ba, to sun kusanci babin harajin da ake yankewa tun daga tushe, wanda yake kamawa daga kashi 5 zuwa 20 cikin 100 gwargwadon nau'in hidimar, mafi tsadarsa kuwa ladan gudanarwa. Mai biya ne ke da alhakin yankewa da miƙawa cikin kwana 10 na farkon watan da ke biye, kuma wannan ya hau kan ɗan ƙasa mai biyan zakka kamar yadda ya hau kan baƙo. Wanda bai yanke ba, daga dukiyarsa za a karɓa.

A can gida ma ba a kuɓuta ba, domin mazaunin Nijeriya ana bin sa haraji a kan abin da ya samu ko daga ina ya fito, kuma hukumar tara kuɗin shiga ta jiharsa ce ke karɓa. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, suka fara aiki a Janairun 2026, sun yafe naira 800,000 na farko a shekara. Amma ladan da ake turowa da riyal ba ya daɗewa bai tsallake wannan iyaka ba.

Hujjar dattawa da amsar malamai

Ba daidai ba ne a yi watsi da abin da dattawa ke faɗa, domin akwai hikima a cikinsa. Suna cewa ranar da ka yanka wa ɗanka albashi, ranar ka koya masa ƙidaya sa'o'in da ya yi maka. Cewa shagon nan gobe nasa ne, wanda ke gina gidansa kuwa ba ya neman ladan gini. Cewa sun ga gidajen da takarda ta shiga, albarka ta fita. Suna kuma tuna cewa su ma haka suka tashi a hannun iyayen gidansu, suka yi shekaru suna hidima ba a yanka musu komai ba, daga baya aka sallame su da jari, kamar yadda al'adar fatake ta gudana a Kano da Katsina tun kaka da kakanni.

Sai dai waccan al'ada tana da ginshiƙin da ya riƙe ta, wato sallama da jari, wadda kowa ya san da ita, jama'a kuma suna zargin ubangidan da ya ƙi yin ta. A Madinar yau wannan ginshiƙi ya raunana: ɗan'uwa mai iƙama ba ya iya buɗe shagon kansa don kawai an ba shi jari, kuɗin hayar shago a tsakiyar gari ya fi ƙarfin sallamar da aka saba, kuma babu wata majalisar dattawan kasuwa da za ta tilasta wa kowa. An riƙe rabin al'adar da ke amfanar babba, an saki rabin da ke kare ƙarami.

Malaman mazhabar Imamu Malik, wanda a wannan birni ya rayu ya karantar kuma a Baƙi'a aka binne shi a shekara ta 179 bayan Hijira, sun sanya sanin lada da sanin aiki cikin sharuɗɗan ingancin ijara, domin jahilci a cikinsu garari ne mai kai wa ga husuma. Inda kuma aka yi aiki a kan ƙulli ɓatacce, sai a koma ga ladan misli, wato abin da ake biyan irinsa a kan irin aikin. Ba su keɓe ɗan'uwa daga wannan ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ke cikin Suratul Baƙara, a Madina ta sauka, kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, alhali waɗanda aka fara yi wa umarnin su ne Muhajirai da Ansar, mutanen da babu wanda ya kai su 'yan'uwantaka. Kuma sa'ad da Sayyidina Abubakar ya karɓi halifanci, hidimar jama'a ta hana shi kasuwa, Sahabbai suka yanka masa abin da zai riƙe iyalinsa daga Baitulmali, ba wanda ya ga aibi a cikin haka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai wata gurɓatacciyar fahimta da ya kamata a ambata, ko da a taƙaice. Wasu sukan bai wa ɗan'uwan da ke yi musu hidima wani abu daga zakkarsu, su ɗauka sun sauke farali sun kuma biya lada. Lada bashi ne a kan mai aiki, ba a biyansa da zakka. Kuma wanda ciyar da shi ya wajaba a kanka, kamar iyaye da mata da ƙananan 'ya'ya, ba ka ba shi zakkarka. Ɗan'uwa matalauci ya halatta a ba shi, har ma ya fi lada, amma bayan an biya shi haƙƙin guminsa daban.

Inda rashin rubutu ya fi nuna illarsa shi ne ranar rabon gado. Ɗan da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan kanta zai tashi da kaso daidai da na ɗan'uwansa da ya yi karatu ya kama aikin gwamnati yana tara nasa, domin gado ba ya duban wanda ya wahala. In ya ce a fitar masa da ladan shekarunsa kafin a raba, sai a tambaye shi hujja, a kuma shiga binciken ko da niyyar taimako ya yi ko da niyyar lada, da abin da al'adar wurin ta gudana a kai. Mutumin da zai iya warware wannan da kalma ɗaya kuwa yana kabari. Da yawa daga cikin gabar da ke raba zuriya a nan take farawa.

Masu aikin akanta da ke hulɗa da ƙananan 'yan kasuwa ba su da wata doguwar shawara a kan wannan. Su dai a fara tantance matsayin ɗan'uwan, ɗan ƙasa ne ko mai iƙama, kuma iƙamarsa ta ba shi izinin wannan aiki ko ba ta ba shi ba. In ba ta ba shi ba, a tsaya nan har sai an gyara. In kyauta ake nufi, a bayar daga aljihu, kada ta bi ta littafin shago. In kuwa aiki ne, a ambaci aikin, a yanka lada daidai da na bare, a yi rajista, a biya ta banki, a adana takardu aƙalla shekara 6. Baƙo mai biyan harajin riba kuma ya shiga da saninsa cewa albashin ƙanensa ba zai rage masa haraji ba, ya biya shi duk da haka, ya sa wannan kashi 20 cikin lissafinsa tun farkon shekara.